BABI NA UKU: YADDA KAMFANIN AIRTEL YA RIƘA SAUYA HANNU DA ABIN DA HAKAN YA JAWO A IYAKAR JIBIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin garin Jibiya da matsayinsa na ƙofar da ta haɗa Katsina da Maraɗi, an kuma nuna cewa iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na ashirin ba ta raba jinin da ke tsakanin mutanen ɓangarorin biyu ba, domin kuwa sarakunan Haɓe na Katsina ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi. A wannan babi kuwa za a bi diddigin tarihin kamfanin sadarwa guda ɗaya, wato wanda a yau ake kira Airtel, a ga yadda aka yi ta sayensa ana sayarwa, da yadda shi ma ya sayi wasu ya sayar da wasu. An zaɓi wannan kamfani ne saboda a halin yanzu shi kaɗai ne daga cikin kamfanonin wayar salula yake da lasisi a Nijeriya da Nijar a lokaci guda. Saboda haka duk cinikin da aka ƙulla a kansa, ko a Legas ne ko a Kuwait ko a Indiya, sai ya taɓa fatake da direbobi da 'yan canjin da ke zirga-zirga tsakanin Magama da Ɗan Isa, ko da su ba su san an yi ba.

3.1 Tushe Biyu: Econet a Nijeriya, Celtel a Nijar

Kafin shekarar 2001 harkar tarho a Nijeriya tana hannun NITEL, kuma layukan da ke aiki a faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Ɗan kasuwar da ke son aika saƙo daga Jibiya zuwa Maraɗi, hanyarsa mafi sauƙi ita ce ya ba direba sallahu ko ya rubuta wasiƙa. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin jagorancin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja, inda farashin kowane lasisi ya tsaya a kan dala miliyan 285. Daga cikin waɗanda suka yi nasara akwai MTN na Afirka ta Kudu da kuma Econet Wireless Nigeria, wanda ya fara aiki a watan Agusta na wannan shekara da lambobin da ke farawa da 0802.

Sunan Econet ya samo asali ne daga kamfanin Strive Masiyiwa, mutumin ƙasar Zimbabuwe. Sai dai abin lura a nan shi ne, kamfanin nasa kashi 5 cikin 100 kawai ya mallaka, tare da kwangilar gudanar da aiki. Sauran jarin na 'yan kasuwar Nijeriya ne da gwamnatocin jihohi uku, wato Legas da Delta da Akwa Ibom. Ke nan tun ran gini aka yi zanen rigima: mai suna da ƙwarewa ba shi da rinjaye, masu rinjaye kuwa suna da yawa, kuma kowa da inda ya sa gaba.

A can Nijar kuwa labarin daban ne. Kamfanin da ya shiga can shi ne na Mo Ibrahim, injiniya haifaffen Sudan da ya yi aiki a Ingila, wanda ya kafa MSI Cellular Investments a 1998, aka kuma san shi da sunan Celtel. Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001. Wannan kamfani ya shiga gwanjon Abuja shi ma, amma da farashi ya yi ta hawa sai ya janye. Za a ga nan gaba yadda wannan janyewa ta zame masa tsada.

3.2 Suna Uku a Shekara Ɗaya

Dangantaka tsakanin Masiyiwa da sauran masu hannun jari ta yi tsami ne a kan wanda zai zuba sabon jari ya karɓi rinjaye. An soke kwangilarsa, aka gayyato Vodacom na Afirka ta Kudu a 2004, har aka fara kiran kamfanin da wannan suna. Ba a yi wata uku ba Vodacom ya tattara nasa ya nasa ya fice, saboda taƙaddamar da ta taso a kan kuɗin la'ada da aka biya wasu dillalai wajen sayar wa gwamnatocin jihohi hannun jari. Daga nan sai masu kamfanin suka raɗa masa Vmobile. A cikin shekara guda ke nan mai layin 0802 ya kwana da suna uku, alhali lambarsa ba ta canja ba.

Masiyiwa bai haƙura ba. Hujjarsa ita ce yarjejeniyar masu hannun jari ta tanadi cewa duk wanda zai sayar da kasonsa, sai ya fara tallata wa abokan tarayyarsa kafin ya kai wa bare. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta fiƙihu, domin shi ne abin da malamai ke kira shufa'a, wato haƙƙin da abokin tarayya yake da shi na ya riga bare sayen kason ɗan'uwansa. A kan wannan haƙƙi aka shafe fiye da shekara goma ana shari'a, kuma duk wanda ya sayi kamfanin bayan haka, ya saye shi ne tare da wannan ƙaya a jikinsa.

3.3 Zamanin Celtel da Zain: Lokacin da Iyaka Ta Kau

A 2005 kamfanin MTC na ƙasar Kuwait ya sayi Celtel a kan dala biliyan 3.4. Shugabansa na lokacin, Sa'ad al-Barrak, yana da burin mayar da kamfanin wata ƙaramar ƙasa ya zama na duniya, kuma kuɗin mai na ƙasashen Larabawa yana nan birjik a wancan zamani. Da wannan ƙarfi ne Celtel ya dawo Nijeriya a watan Mayu na 2006, ya sayi kashi 65 cikin 100 na Vmobile a kan kuɗi da ya ɗan haura dala biliyan ɗaya. Wanda ya ƙi biyan miliyan 285 a 2001, ga shi bayan shekara biyar ya biya ninki uku da ɗoriya, kuma bai ma samu kamfanin gaba ɗaya ba. Amma kuma ba za a ce ya yi wauta kai tsaye ba, domin abin da ya saya a 2006 ba takardar lasisi kaɗai ba ce, har da turakun sadarwa da miliyoyin mutanen da suka riga suka saba da layin.

Wannan ciniki shi ne mafi muhimmanci ga tarihin Jibiya, domin a karon farko layin da ake kamawa a Magama da wanda ake kamawa a Ɗan Isa suka zama na uban gida ɗaya. Kafin wannan lokaci, mutumin da ya tsallaka iyaka da wayarsa abu biyu ne a gabansa: ko dai wayar ta zama hoto, ko kuma a caje shi kuɗin baƙunta mai tsada, har ma da na amsa kira. Kiran ɗan'uwa a Maraɗi, wanda tafiyarsa ba ta fi ta sa'a ɗaya a mota ba, ana lissafa shi ne daidai da kiran ƙasar waje, daga 234 zuwa 227. Shi ya sa riƙe layi biyu ya zama al'ada a bakin iyaka, ɗaya na naira, ɗaya na sefa.

A watan Satumba na 2006 Celtel ya ƙaddamar da wani tsari da ya kira One Network a ƙasashen Kenya da Tanzaniya da Uganda, sa'an nan a watan Nuwamba na 2007 ya faɗaɗa shi zuwa ƙasashe 12, ciki har da Nijeriya da Nijar da Cadi. Ma'anar tsarin ita ce, mai layin Celtel idan ya shiga wata ƙasa da kamfanin yake da reshe, zai amsa kira kyauta, zai yi kira a farashin 'yan ƙasar, zai kuma iya sayen katin waya na can ya loda a layinsa na gida, ba tare da ya yi wani rajista ba. Ga mai safarar wake ko albasa ko dabbobi da ke cin kasuwar Jibiya ran Lahadi ya kwana Maraɗi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Zai iya jin farashin sefa a hannun ɗan canji kafin ya bar gida, zai iya sanar da dillali cewa mota ta tsaya a shingen kwastan, iyalinsa kuma za su same shi a lambar da suka sani.

Ya kamata a fahimci cewa ba don tausayin mutanen iyaka aka yi wannan ba. Babban abokin gogayyar Celtel a Nijeriya, wato MTN, ya fi shi yawan jama'a nesa ba kusa ba, amma ba shi da reshe a Nijar ko Cadi. Abin da Celtel yake da shi shi ne ƙasashe masu maƙwabtaka da juna, sai ya mayar da wannan ya zama haja. Duk da haka, abin da gwamnatocin ECOWAS suka daɗe suna faɗa a takarda game da walwalar jama'a, kamfanin kasuwanci ne ya fara aiwatar da shi a aljihun talaka.

A 2007 MTC ya canja sunansa zuwa Zain, kuma a watan Agusta na 2008 aka shafe sunan Celtel daga dukkan rassansa na Afirka. Jan fenti na Celtel ya ɓace daga shaguna da lemomin masu sayar da kati a Katsina da Maraɗi a lokaci guda.

3.4 Daga Kuwait zuwa Indiya

Zain bai daɗe ba. Rassan Afirka su ne ke da mafi yawan masu amfani da layinsa, amma ribar da suke kawowa kaɗan ce idan aka kwatanta da ta ƙasashen Larabawa, ga shi kuma kullum suna neman a zuba musu kuɗin gina turaku da sayen man janareta. Da tattalin arzikin duniya ya shiga ruɗani a 2008, manyan masu hannun jari na Kuwait, musamman iyalan Kharafi, suka matsu da kuɗi a hannu. An tattauna da Vivendi na Faransa a 2009 ba a daidaita ba. Al-Barrak, wanda shi ya gina daular, ya ajiye aiki a farkon 2010.

A daidai wannan lokaci Sunil Bharti Mittal na Indiya yana neman ƙofar shiga Afirka. Sau biyu, a 2008 da 2009, kamfaninsa Bharti Airtel ya nemi haɗewa da MTN abin bai yiwu ba. Da ya rasa wannan sai ya juya ga Zain. A watan Yuni na 2010 aka kammala cinikin rassa 15 a kan dala biliyan 10.7, wato biliyan 9 kuɗi da kuma bashin biliyan 1.7 da mai saye ya ɗauka. Sudan da Maroko ba sa cikin cinikin. A watan Nuwamba na wannan shekara sunan Airtel ya hau allunan talla. Idan aka ƙirga daga Econet, wannan shi ne suna na shida da layin Nijeriya ya amsa a cikin shekara tara, na uku kuma a Nijar.

Mafi yawan kuɗin da Bharti ya biya rance ne daga bankuna, kuma wannan bashi shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya. Kamfanin ya zo da tunanin cewa dabarar da ta yi masa aiki a Indiya, wato karya farashi domin a samu yawan kira, za ta yi aiki a Afirka. Amma Indiya ƙasa ɗaya ce mai cunkoson jama'a da kuɗi iri ɗaya, nan kuwa ƙasashe 15 ne, kowace da dokarta da harajinta da kuɗinta, ga ƙarancin lantarki. An shafe shekaru reshen Afirka yana tafka hasara.

Ita ma tsohuwar shari'ar ta biyo shi. A ƙarshen 2011 kwamitin sasantawa na ƙasa da ƙasa ya yanke cewa an tauye wa Econet haƙƙinsa a cinikin 2006. A watan Janairu na 2012 kuma Babbar Kotun Tarayya ta tabbatar masa da kashi 5 ɗinsa, har ta ce sauya sunan kamfanin da aka yi tun farko bai inganta ba. Airtel ya ɗaukaka ƙara, sunan bai koma Econet a aikace ba, amma maganar ba ta mutu ba sai a 2016 da Bharti ya sayi kason Econet ɗin da kuɗi.

3.5 Sayar da Turaku da Rassa

Domin rage bashi, sai kamfanin ya shiga sayar da kadarorinsa. Abin da ya fara ɗagawa shi ne turakun sadarwa, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. A watan Nuwamba na 2014 ya amince ya sayar wa American Tower na Amurka turakunsa na Nijeriya, kimanin 4,800, a kan dala biliyan 1.05, ya koma yana biyan haya a kansu. Na Nijar kuwa Eaton Towers ya saya, shi ma a ƙarshen 2019 American Tower ya haɗiye shi. Wannan ya yi kama da mutumin da ya sayar da gidansa domin ya biya bashi, sa'an nan ya zauna a ciki a matsayin ɗan haya. Kuɗi sun shigo a dunƙule, amma haya ta zama wajibi ta kowane wata, kuma wani ɓangare nata yana bin farashin dala da na man dizal.

Bayan turaku sai rassa. A 2016 an sayar wa Orange na Faransa rassan Burkina Faso da Saliyo. A 2017 reshen Gana ya haɗe da Tigo, daga baya a 2021 aka miƙa wa gwamnatin ƙasar. A ɗaya hannun kuma ya sayi Warid a Uganda da Kwango a 2013, da Tigo a Ruwanda. Abin da ke fitowa fili shi ne, inda kamfanin ya ga ba zai zama na ɗaya ko na biyu ba sai ya fita, inda kuma ya ga dama sai ya saye abokin hamayya. Bisa wannan ma'auni Nijar da Nijeriya suka tsira: a Nijar shi ne kan gaba, Nijeriya kuwa ita ce babbar kasuwarsa. A 2019 aka sa hannun jarin Airtel Africa a kasuwar Landan da ta Legas, da rassa 14. A 2021 ya sayar wa wasu masu zuba jari, ciki har da Mastercard da asusun gwamnatin Ƙatar, wani ƙaramin kaso na sashen aika kuɗi ta waya, ya kuma saye kusan dukkan ragowar hannun jarin 'yan Nijeriya da ke reshensa na nan.

Ba shi kaɗai ya sha wannan juyi ba. Etisalat na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa shi ma ya taɓa riƙe ɓangarorin iyakar biyu, da Moov a Nijar da kuma layin 0809 a Nijeriya. Ya miƙa Moov ga Maroc Telecom a 2015, ya fice daga Nijeriya a 2017 saboda bashin dala biliyan 1.2 da bankuna 13 ke bin reshensa, wanda ya koma 9mobile. Orange ma, bayan da hukumar haraji ta Nijar ta rufe ofisoshinsa da na Airtel a Yamai a ƙarshen 2018, ya sayar da reshensa a 2019 ga 'yan kasuwar da suka raɗa masa Zamani. Airtel ya sasanta da hukuma ya zauna.

3.6 Inda Ikon Kamfani Ya Tsaya

Shekarun baya-bayan nan sun nuna wa mutanen Jibiya wani abu da zamanin One Network ya ɓoye, wato kamfani yana iya zama ɗaya, amma lasisi biyu ne, kuma kowane lasisi yana hannun gwamnatin da ta bayar da shi. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. A watan Nuwamba Hukumar Kwastan ta hana kai man fetur da dizal duk wurin da bai kai kilomita 20 daga iyaka ba, har ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta ALTON ta yi kukan cewa turakun da ke waɗannan yankuna za su mutu, domin da janareta suke aiki. A watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, abin da ya sa riƙe layin Nijeriya ya yi wa baƙon da ke shigowa cin kasuwa wuya. Ita kanta iyakar Jibiya ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilu na 2022, bayan an riga an buɗe ta Illela da ta Maigatari da fiye da shekara guda.

Mafi tsanani shi ne abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai. Umarnin ya shafi dukkan kamfanoni, kuma babu wanda ya isa ya ƙi. Masu sana'ar cire kuɗi da na'ura suka tsaya cik, wanda aka kai wa hari cikin dare ba shi da hanyar neman ɗauki, mai son yin waya kuma sai ya hau mota ya nufi Katsina. Amma turakun da ke ƙetaren iyaka ba su san da wannan umarni ba. Wanda yake da layin Nijar, kuma yake kusa da inda sabis ɗin can ke kamawa, ya ci gaba da magana, kuma wannan ƙofa ba mutanen kirki kaɗai ta buɗe wa ba. Tsohuwar al'adar riƙe layi biyu, wadda aka zaci ta zama tarihi, ita ce ta yi rana. A watan Disamba na wannan shekara aka ba da umarnin maido da sabis.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar an sake rufe iyakar har zuwa watan Maris na 2024. A wannan tsakani kuma faɗuwar darajar naira ta sa Airtel Africa ya bayyana hasarar dala miliyan 89 a shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Maris 2024, duk da cewa masu amfani da layinsa ƙaruwa suka yi, domin da naira yake karɓa, da dala kuma yake lissafi. A watan Janairu na 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. A cikin wannan wata ne kuma ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, bayan da ita da Mali da Burkina Faso suka sa hannu a kan yarjejeniyar soke kuɗin baƙuntar waya a tsakaninsu. Yarjejeniyar ta haɗa Maraɗi da Bamako, mai nisan fiye da kilomita dubu, amma ba ta shafi Jibiya ba.